Ranar da Ƙafata Ta Ba da Shaida a Ɗakin Katako

Ko zan manta sunan unguwar da aka haife ni, ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na yi rawa a gaban kwamitin da aka kafa don ya binciki masu rawa. Kuma ni ne sakataren kwamitin. Kun ji fa! Da gemuna, da babbar rigata, da fayil a hammata. Ku yi dariyarku, na yafe muku. Ni dai har yau in na tuna, ba dariya ce ke zo mini ba.

Bari in fara da inda abin ya faru. A Nasarawa GRA, can ƙarshen wani layi da bishiyoyin darbejiya suka lulluɓe, akwai wani tsohon gini da kowa ke kira Ɗakin Katako. Turawa ne suka gina shi zamanin mulkinsu, don su riƙa riƙe ƙugun matansu suna juyi ranar Asabar. Shi ya sa ba su yi masa daɓen siminti ba, katako suka shimfiɗa, ƙarƙashinsa kuma fanko, in ka taka sai ya amsa maka. A lokacin baƙar fata ba ya shiga sai in tire ya ɗauko. Da suka tattara suka tafi, gwamnati ta gaji wurin, sai ya zama namu. A nan aka yi wasannin kwaikwayo na yaƙi da jahilci, da na kai yara rigakafi. A nan makarantu ke gasa. Zamanin soja kuwa, duk baƙon da ya sauka daga wata ƙasa, nan ake kawo shi a yi masa rawar koroso, ya tafa, a ɗau hoto. Daga baya finafinan bidiyo suka zo suka kwashe 'yan wasan, aka bar ɗakin da 'yan rawa da ƙadangaru.

Shekara tara na yi ina rawa a wannan ɗaki. (To, na faɗa. Da na iya faɗin wannan jimla ɗaya a ranar da ya kamata, da ba na nan ina ba ku wannan labari.) Tun ina sakandare nake tako keke daga Tudun Murtala, in ratsa gidajen manya, masu gadi na kallona kamar ɓarawon mangwaro, in jingine keken a bayan ɗakin in ɗaura akayau a ƙafa, wato waɗannan ƙarafa masu kacau-kacau. Ba yabon kai ba, na iya. Ina lanƙwashewa har ƙeyata ta taɓa diddigena. Ba-Ƙashi ake ce mini, kuma wanda ya raɗa mini sunan shi ne Baba Tanko.

Baba Tanko shi ne makaɗin gidan, shi ne kuma mai riƙe da mukullai. Daga wani ƙauye na Jigawa ya zo yana saurayi, ya fara da sharar ɗakin tun Turawa ba su gama tafiya ba, ya tsufa a ciki. Yana da wata al'ada da ya gada wurin makaɗan garinsu: duk ɗan rawan da ya ƙware, sai ya yi masa take, wato wani kiɗa na kalangu da yake naka kai kaɗai. In ya kaɗa takenka, ko kana bayan labule kana cin gurasa ne, sai ka buga ƙafar dama sau biyu, ka ce "Ga ni!", ka faɗo tsakiya. Ba a jinkiri. Wanda ya yi jinkiri, sandar kiɗa ce a ƙwaurinsa. Sai da na yi shekara uku kafin ya yi mini nawa, kuma ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Daga nan rayuwa ta ja ni. Na samu aikin gwamnati, na auri 'yar wani malami, na rage zuwa, na daina. Sai aka dawo mulkin farar hula, aka ƙaddamar da shari'a, gari ya ɗau wani sabon launi. Ni ma na bar gemu, na ɗage wando. Zan faɗi gaskiya a nan tunda yau ranarta ce: rabin abin don Allah na yi, kuma ban yi nadamarsa ba. Ɗaya rabin kuwa, na lura da irin fuskokin da ake ɗagawa sama a ofis ne. Ba wanda ya tsare ni ya ce in ɓoye cewa na taɓa rawa. Ni na ɓoye da kaina. Surukina bai sani ba, abokan aikina ba su sani ba, matata ma ce mata na yi "mun ɗan taɓa wasan makaranta".

Ana nan sai ƙorafi ya taso a kan Ɗakin Katako. Maƙwabta, manyan masu katanga da waya mai ƙaya, suka rubuto cewa kiɗa na damunsu, kuma ana cakuɗa maza da mata. (Wasunsu filin suke hange, wannan ko makaho ya gani. Amma ba zan kama suna ba.) Aka kafa kwamiti na mutum biyar, aka ce mu je mu gani da ido, mu ba da shawara ɗaya: ko a rufe ɗakin, ko a bar shi da sharuɗɗa. Shugabanmu Alhaji Sule ne, tsohon jami'in ilimi mai ritaya, dattijo marar yawan magana. Akwai Malam Nasiru, matashi mai karatu da zafin jini, wanda tun kafin mu tashi daga ofis ya gama yanke hukunci. Akwai wata Hajiya daga sashen mata, da wani injiniya wanda rufin kwano kawai ya dame shi. Sai ni, mai biro. Da na ga sunana a takardar, sai na ce wa kaina shekaru sun ja, ga gemu, ga tumbi, wa zai gane ni?

Wa zai gane ni! Muna sauka daga mota da hantsi, Baba Tanko na tsaye a bakin ƙofa da mukullai a hannu, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya tsufa, haƙora sun zube, amma idon nan na nan. Kallo ɗaya ya yi mini fuskarsa ta washe. Na ga leɓɓansa sun haɗu za su fitar da "Ba". Sai na yi wuf na riga shi.

"Salamu alaikum, dattijo. Kai ne mai kula da wurin?"

Na haɗa da ɗaure fuska. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi sauran, sai ya gyaɗa kai a hankali, har da ɗan murmushi a gefen baki.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Bismillah, ku shigo."

Wallahi na gane murmushin nan, kuma shi ne ya fi komai ci mini rai har yau. Tsohon ya ɗauka dabara nake yi. Ya zaci na ɓoye sanayyar ne don in taimake su daga ciki. Ya shige gabanmu yana tafiya da ƙarfin gwiwar wanda ya san yana da ɗa a fada.

Ɗakin na nan yadda na bar shi, sai dai ya ƙara duhu. Warin tsohon labule, kujerun ƙarfe, fankar sama da ta karkace. Baba Tanko ya shiga ba da tarihi, kuma Allah Sarki, makaɗi ne ba mai jawabi ba. Ya fara da wani Bature mai sanƙo, ya tsallaka kan shekarar da ruwa ya yaye kwano, ya dawo kan wani gwamna da ya cire hula don jin daɗin wasa. Malam Nasiru ya katse shi.

"Baba, ba tatsuniya muka zo ji ba. Maza da mata suna rawa tare a nan, ko ba sa yi?"

Tsohon ya daburce. Ya ce suna yi, amma ba yadda ake zato ba. Ya rasa yadda zai fasalta. Sai Alhaji Sule ya ɗaga hannu, ya juyo gare mu.

"Mai wuri dole ya yabi wurinsa, mai ƙorafi dole ya kushe. Ni abin da nake so, a cikinmu nan, akwai wanda ya taɓa shigowa ɗakin nan, ya san yadda ake gudanar da shi? In akwai, ya gaya mana tsakaninsa da Allah. Maganar mutum ɗaya irin wannan ta ishe ni."

Baba Tanko ya juyo ya zuba mini ido, har ya ɗan matsa gefe, kamar yadda yake matsawa in zan fito fili. Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Abin da ake nema a bakina bai wuce gaskiya ba: cewa ba a fara wasa sai an yi sallar la'asar a jam'i a ƙarƙashin darbejiyar baya, cewa ɗakin canza kayan mata daban yake kuma wata gwaggo ce ke zaune a ƙofarsa, cewa Baba ya taɓa korar gwanin da ya fi kowa saboda ya shigo da warin giya. Duk na sani. Amma abin da na gani a idona shi ne fuskar surukina, da kujerar mataimakin darakta da ake raɗe-raɗin za a ba ni.

Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai a bakin mutane nake jin wurin nan."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma matsoraci ba ya iya ƙarya kaɗan, sai ya yi mata miya. Na ƙara da cewa, "Kuma abin da nake ji ɗin, gaskiya, babu daɗi."

Tir! Ban kalli Baba ba. Fayil ɗina na kalla, ina rubuta abin da ban san ko mene ne ba.

Alhaji Sule ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce to, tunda babu, aƙalla a ji irin kiɗan da ake ƙorafi a kai, kada mu yanke hukunci kan abin da kunnenmu bai ji ba. Malam Nasiru ya ɓata rai, amma bai hana ba. Baba Tanko ya shiga bayan labule ya fito da kalangunsa, tsohon nan dai mai jan ƙyalle. Ya rataya, ya matse a hammata, ya fara wani kiɗa mai sanyi na shigowar baƙi. Injiniya na kallon rufi. Ni ina tsaye a tsakiyar katako, na ƙanƙame fayil, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai ya yanke kiɗan. Ya yi shiru na numfashi ɗaya. Ya saki takena.

Jama'a, ban yi shawara da kowa ba. Kaina bai ma samu labari ba sai daga baya. Ƙafar dama ce ta tashi da kanta ta sauka sau biyu, dum, dum, katakon Turawa ya amsa har fankar sama ta girgiza. Bakina ya buɗe, na ji wata murya da na binne shekara da shekaru ta ce, "Ga ni!" Kafaɗu suka karye, ƙugu ya bi. Na yi juyi guda cikakke, babbar riga ta buɗe kamar lema, fayil ya yi sama, takardun ƙorafin manyan GRA suka watsu ko'ina. Har na fara lanƙwasawa baya, sai tumbi ya tuna mini shekaruna, hulata ta faɗi ta gangara ta tsaya daidai takalmin Malam Nasiru.

Baba ya ɗora da kirari: "Ba-Ƙashi na Tudun Murtala! Yaro na Tanko!"

Sannan ya dafe fatar kalangun. Hajiya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na tsalle. Direbanmu da ya leƙo ta taga ya sulale ƙasa, ina jin shi yana tari. Ni kuwa ina tsaye, kai ba hula, ina haki.

Kun san me na ce? Cewa na yi, "Jijiya ce. Tun da na yi zazzaɓi ƙafar take mini haka."

Malam Nasiru ya sunkuya ya ɗauki hulata, ya kaɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Allah ya sawwaƙe, Malam Sakatare. Shi ma 'Ga ni' ɗin, zazzaɓin ne?"

Da a nan abin ya ƙare, da labarin ban dariya ne, in riƙa ba jikoki. Amma Malam Nasiru ba wawa ba ne. Ya juya ga shugaba, ya nuna ni da tafin hannu kamar mai gabatar da kayan shaida a kotu.

"Ranka ya daɗe, mun zo neman hujja, Allah ya kawo mana har gida. Ga magidanci, mai iyali, mai gemu, ya bar abin nan shekaru. Bugu ɗaya aka yi, hankalinsa ya gushe a gabanmu. In haka kiɗan ɗakin nan ke yi wa babba, me zai yi wa 'ya'yanmu?"

A nan ne fa jarumtata ta iso, bayan an gama yaƙi. Na shiga zuba: sallar la'asar, gwaggon bakin ƙofa, gwanin da aka kora, wasan rigakafin da muka zaga ƙauyuka da shi. Har da rantsuwa. Malam Nasiru ya bar ni na gama tas.

"To wacce za mu rubuta? Ta ɗazu, da ka ce a bakin mutane kake jin wurin, ko ta yanzu? Mutumin da ya yi mana ƙarya ido da ido kafin shayi ya huce, da wace shaidarsa za mu yi aiki?"

Gaskiya ya faɗa. Na tsani yaron nan a ranar, amma ko a lahira ba zan ce ya zalunce ni ba. Hajiya ta goyi bayansa. Injiniya ya ce shi dama rufin ba zai kai damina biyu ba. Alhaji Sule ya rufe littafinsa. Kuma da yake ni ne sakatare, ni na durƙusa na tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ni na koma ofis na rubuta rahoton rufe Ɗakin Katako da hannuna, har da sakin layin da ke bayanin "abin da ya faru da ɗaya daga cikin 'yan kwamiti". Sau uku Malam Nasiru na dawo mini da shi wai ban fito da abin sosai ba.

Ranar da na kai wa Alhaji Sule ya sa hannu, a gidansa na Hotoro, ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in zauna.

"Ka san wanda ya sa sunanka a kwamitin nan?"

Na ce a'a.

"Ni ne. Ina jami'in ilimi na sha kawo ɗalibai ɗakin nan. Na ga rawarka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ranar da na fara ganinka a ofis na gane ka, gemun bai ɓoye komai ba. Na ce ga wanda ya san wurin, ga shi kuma yanzu ana ganin mutuncinsa, in ya yi magana za a saurara. Tambayar da na yi, kai na yi wa."

Ya sa hannu, ya miƙo mini. Ko ruwan da aka kawo mini ban iya sha ba.

Saura karɓo mukullai, kuma wa za a aika in ba sakatare ba? Na tarar da Baba Tanko a gindin darbejiya, ya ɗaure kayansa a buhu biyu, zai koma ƙauye. Na tsuguna na gaishe shi, wannan karon da sunansa. Ya amsa ba yabo ba fallasa. Na ce, cikin ƙunar rai irin ta marar gaskiya, "Baba, me ya sa ka tona ni?"

"Tona ka? Kiranka na yi. Na ga bakinka ya ƙi, na ce bari in kira ƙafar, ita ba ta taɓa ƙi na ba. Ban san zan kashe ɗakin da hannuna ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Ya ƙirgo mukullan ya zuba mini a hannu. Sai da na miƙe zan tafi ya ƙara magana, yana ɗaure bakin buhu, bai ko ɗago ba.

"A garinmu, in ɗan rawa ya rasu, makaɗi kan kaɗa takensa sau ɗaya a gaban jama'a, shi ke nan ba ya sake taɓa shi. Naka na riga na kaɗa ran Talata."

Ban sake ganinsa ba. Bayan 'yan shekaru na ji rasuwarsa a bakin wani direba, an yi bakwai ma kafin labari ya iso ni.

Ɗakin ya yi shekaru a kulle, gara ta cinye katakon. Daga baya aka rushe shi. In kun bi layin yanzu za ku ga wani ƙaton zauren biki mai gilashi, inda ake kiɗan inji da rana tsaka har ƙararrawar motocin da ke waje na kuka, maza da mata a cakuɗe, 'ya'yan masu ƙorafin nan ne ma ke aure a ciki. Ban ji an kafa kwamiti ba. Kujerar mataimakin darakta kuwa wani aka ba, don ba mai son ɗaga mutumin da masinjoji ke buga ƙafa sau biyu in ya wuce. Surukina da labari ya kai masa, cewa kawai ya yi, "Rawar ba ta dame ni ba, ƙaryar ce."

Abin da na koya? Ba wani mai zurfi ba ne. In an tambaye ka ko ka san wuri, kuma ka san shi, ka ce ka sani tun bakinka na da daraja. Ni na jira sai da ƙafata ta riga ni, kuma a ranar ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya a jikina, sai ga shi da shaidarta aka rufe ɗakin.